Wai yaran yanzu ba su san Pran ba?

Dattijon Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya da daddare, na ce bari in sauke shi a nan. Na dawo daga sallar isha'i na tarar da jikana a ƙofar gida ya duƙufa a kan waya, ko sallamata bai ji ba. Da na leƙa sai na ga fim ɗin Indiyan nan Zanjeer yake kallo, kuma daidai wurin da Sher Khan ya shigo ofishin 'yan sanda yana taƙama, ya nufi kujera zai zauna, jarumin fim ɗin, Amitabh Bachchan, ya sa ƙafa ya yi fatali da ita. Na ce, kai, ka san mai jan gemun nan? Ya ɗago ya ce, "Tsoho, ai wannan ɗan rakiya ne, ga jarumin nan mai kaki."

Ɗan rakiya! Pran, wanda ya fito Sher Khan ɗin! Sai da na nemi dakali na zauna.

A 1973 da aka yi fim ɗin nan, Pran ya haura shekara talatin a harkar. Amitabh kuwa sabon shiga ne wanda finafinansa ke ta faɗuwa a kasuwa. Manya irin su Dev Anand da Raaj Kumar an kai musu labarin, ba su yi ba. Pran na cikin waɗanda suka ce wa darakta Prakash Mehra ya gwada dogon yaron nan. Yau ga jikana yana kiran sa ɗan rakiya.

To ni dai ga maganata, mai musu ya musa. Duk finafinan da muka sha layi muka kalla a gidajen silima na Plaza da Orion da El Dorado, ba jarumi ke riƙe su ba. Jarumi fuska ɗaya gare shi, shekara ashirin da tsagar gashi ɗaya da murmushi ɗaya. Masu riƙe fim su ne waɗanda ake rubuta sunansu daga baya, kuma a cikinsu ban ga na biyun Pran ba.

Auta:
Wa alaikumus salam Baba. Kar a dake ni, ni ma yau na fara jin sunan. Shi ne mai sanƙo da manyan idanun nan, Mogambo?

Ɗan Gabbar:
Kai Auta, wancan Amrish Puri ne. Baba ka ga irin ta ko? Ba jikanka kaɗai ba ne.

Amma da girmanka da komai, Baba, ban yarda babu na biyunsa ba. Ni ma na kalli Pran da yawa a kaset. Gaskiya muguntarsa ta wasan kwaikwayo ce, kana gani ka san ɗan wasa ne ya sa gashin kanti ya manna gemu yana zare ido. Amjad Khan fa? Da fim ɗaya, Sholay a 1975, inda ya fito Gabbar, ya shafe duk wani bos da aka taɓa yi kafin shi. Ba kwalliya, ba kwat, daga tsohon kaki sai dattin haƙori, amma in ya fara jan bel ɗin nan a kan dutse sai cikinka ya ɗuri ruwa. Pran ya yi fim sama da 350, ka kawo mini guda ɗaya da yaro zai kalla ya kasa fita fitsari da dare.

Maman Walid:
Ni zan kawo maka, ƙanena. Ram Aur Shyam. Muna yara a Tudun Wada aka aro bidiyo a gidan maƙwabta, mata suka cika tsakar gida. Da Pran ya ɗauko bulalar nan yana zabga wa Dilip Kumar, bawan Allah yana makyarkyata ko ɗaga kai ba ya iya yi, wallahi Innarmu miƙewa ta yi ta cire takalmi za ta jefi talabijin, sai da aka riƙe ta. Tana cewa "Allah ya isa, azzalumi, ɗan marayan Allah!" Da ɗan'uwan tagwaicin ya zo ya fizge bulalar ya juya ta a kansa, guɗa aka yi a gidan nan kamar an kawo amarya. Har ta rasu, in ta ga fuskarsa a fasta sai ta tofar da yawu.

Dattijon Fagge:
Allah ya jiƙan Inna. Hajiya kin gama magana. Ɗan Gabbar, ɗana, ka lura da abu ɗaya. A fim ɗin nan Dilip Kumar ya fito mutum biyu, matsoraci da jarumi, duniya ta yaba masa. To matsoracin wa yake tsoro? In mai bulalar bai ba ka tsoro ba, rawar jikin Dilip Kumar ta zama abin dariya. Shi ya ɗora masa tukunyar ya hura wutar, Dilip Kumar ya zo ya sauke.

Malamin Tarihi:
Salamu alaikum. Tunda Auta ya ce bai san shi ba, bari in ɗan shimfiɗa tabarma kafin a ci gaba da kokawa.

Cikakken sunansa Pran Krishan Sikand. An haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1920, ɗan gidan masu hali ne, mahaifinsa injiniya ne mai yi wa gwamnati kwangilar gine-gine. Bai taso da burin fim ba, ɗaukar hoto ya koya. Sana'ar ce ta kai shi Shimla, ta kuma kai shi Lahor, wanda a lokacin birni ne mai masana'antar fim tasa, kafin a raba ƙasar. A can wani marubucin fim mai suna Wali Mohammad Wali ya gan shi a shagon mai sayar da ganyen nan da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Yanayin tsayuwarsa kawai ya gani ya ce ya samu mugun da yake nema. Haka ya shiga Yamla Jat a 1940, fim da harshen Punjabi. A 1942 har jarumi ya fito a Khandaan tare da Noor Jehan, wadda daga baya ta zama babbar mawaƙiyar Pakistan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne 1947. Mutum ya yi suna a Lahor, ya yi fim sama da ashirin, yana da gida da mata da jariri. Ya fita da iyali zuwa Indore, rikicin raba Indiya da Pakistan ya ɓarke, hanyar komawa ta toshe. Ya sauka Bombay ranar 14 ga Agusta, jajibirin samun 'yancin kai. Ya fara da sauka a babban otal yana ganin gobe za a kira shi aiki, aka yi ta saukowa daga otal zuwa ƙaramin masauki har aka kai ga sayar da kayan adon matarsa. Wajen wata takwas babu aiki. Sunan da ya yi a Lahor bai tsallako iyaka tare da shi ba. Sai da marubucin nan Saadat Hasan Manto da wani jarumi abokinsa Shyam suka yi masa hanya a kamfanin Bombay Talkies, ya samu Ziddi a 1948, fim ɗin da ya ɗaga Dev Anand.

Auta:
Allah ya ƙara ilimi Malam. To amma tunda ya taɓa fitowa jarumi, me ya mayar da shi bos? Rage masa matsayi aka yi?

Malamin Tarihi:
Shi da kansa ya sha faɗa cewa zagaye bishiya da jaruma ana waƙa ba ya masa daɗi. Kuma ka duba lissafin. Jarumi in ya yi shekara goma sha biyar yana tashe ya gode Allah, tumbi ya fito, yara sun taso. Pran ya yi aiki da Dilip Kumar da Raj Kapoor da Dev Anand, ya yi da Shammi Kapoor da Rajendra Kumar, ya yi da Dharmendra da Rajesh Khanna, ya yi da Amitabh, har ya zo ya yi da 'ya'yan wasunsu. Kusan shekara sittin.

Ga wani abin dariya da za ka so. Wasansa na farko a dandali a Shimla, mace ya fito. A wasannin addininsu na Ramlila maza ne ke ɗaukar rawar mata, shi ya fito Sita. Wanda ya fito mijin kuwa Madan Puri ne, yayan Amrish Puri ɗin da ka ambata ɗazu.

Ɗan Gabbar:
To Baba ka ji, bos ɗin naku da sari ya fara.

Dattijon Fagge:
Ai shi ya sa ya fi naka, ja'iri. Naka in an cire shi daga kan duwatsu an ba shi sari, sai dai a rufe silima.

Tela Mai Almakashi:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren sana'ata. Ɗan Gabbar ya ce gashin kanti da gemun manne, kamar abin raini ne. Ni na koyi ɗinki a hannun wani maigida a Kantin Kwari wanda duk ranar da aka sa sabon fim sai ya je, ba don labari ba, don ya ga yankan kaya. Shi ya fara nuna mini cewa mutumin nan ba ya maimaita shiga. A Madhumati na 1958 ya fito basarake a kan doki, wando matsattse da dogon takalmi, kana ganin zaman kayan a jikinsa ka san wannan bai taɓa roƙon kowa komai ba. A Zanjeer ga falmaran a kan doguwar riga irin ta Pathan, ga gashi da gemu sun sha lalle. A Amar Akbar Anthony da ya yi kuɗi sai ya fito da gemu ba gashin baki, irin na Abraham Lincoln na Amurka. Akwai wani Khandan na 1965, ba na Lahor ba, da ya kwanto gashi a goshi ya bar ɗan guntun gashin baki irin na Hitler. Mutum ne da in ya ga hoton wata fuska a jarida sai ya yanke ya ajiye, wata rana za ta yi amfani.

Kuma ba kaya kaɗai ba. Kowane mutum da ya fito yana ba shi wata 'yar ɗabi'a tasa. A fim ɗin Raj Kapoor na 1960, Jis Desh Mein Ganga Behti Hai, ya fito ɗan fashi mai suna Raka. Kowane lokaci sai ka ga ya sa yatsa yana zagaya wuyan rigarsa, kamar tela ya matse masa kwala. Maigidana ya ce mini, yaro, ba kwala ba ce, igiya yake ji. Ɗan fashi ya san ƙarshensa rataya ce. Babu inda aka faɗi haka da baki a fim ɗin, yatsa ne kawai.

Maman Walid:
Ikon Allah. Na kalli fim ɗin nan ban taɓa kawo wannan ba.

Tela Mai Almakashi:
Ga kuma zoben hayaƙi. Tun a Bari Behen na 1949 ya fara busa sigari hayaƙin ya fita zobe-zobe. Samarin unguwarmu nawa suka ƙware da tari wajen koyo, Allah ya shirye mu.

Ɗan Gabbar:
Na karɓi ta yatsa, wannan kam basira ce. Amma Kawu Tela, ka taimake ni ne ba ka sani ba. Duk abin da ka lissafa ado ne, daga waje yake. Ni abin da nake nufi, in na kalli Pran ina jin daɗin kallon gwani yana aiki. In na kalli Gabbar mantawa nake da akwai wani Amjad Khan. Kuma a faɗi gaskiya, cikin 350 ɗin nan fiye da rabi shara ce, ya shigo ya zare ido, ya sace jaruma, a jibge shi a ƙarshe, 'yan sanda su zo a makare.

Dattijon Fagge:
Shara kam akwai, ban musa ba. Wanda ke aiki a fim biyu uku a rana ɗaya dole ya taka kashi. Amma tambayata, bayan Sholay sau nawa Amjad Khan ya sake ba ka wannan tsoron? Gwani ne, Allah ya jiƙansa, ya bar duniya da wuri a 1992, kuma ya iya barkwanci ma. Sai dai har ya mutu Gabbar ake kiran sa. Kai kanka ga sunan da ka saka wa kanka. Pran kuwa wa zai ce ga sunan da ya manne masa? Raka ne ko Sher Khan ko Malang? Babu wanda ya cinye shi, shi ya cinye su duka.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni daga nan Nijar nake bi, kuma ina da ja da ku duka biyun. Kuna ta gardamar wane ne ya fi mugunta, ni kuwa Pran ɗin da nake so na daga 1967 ne, bayan ya tuba. Manoj Kumar ya yi kasada a Upkar ya ba shi Malang Chacha, gurgu mai dogara sanda, mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. Ku tuna mutumin da aka yi shekara kusan ashirin ana tsine masa ne fa. Aka ɗora masa waƙar da Manna Dey ya rera, wadda ke cewa alkawari da rantsuwa duk zance ne. Mahaifina ba ya jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, amma in aka zo wurin nan sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. A kan wannan rawar ya karɓi kyautarsa ta farko ta Filmfare, wadda ake ba 'yan fim a Indiya. Ya ƙara da ta fim ɗin 1969, aka sake ba shi ta fim ɗin 1972.

Sa mutane su ƙi ka abu ne mai sauƙi, ko ni in aka ba ni bulala zan iya. Amma mutanen da suka ƙi ka shekara ashirin su dawo suna yi maka hawaye a dare ɗaya, wannan sai wane da wane.

Maman Walid:
Ɗan'uwa ka faɗi abin da ke raina. Don ni dai, a matsayina na mace, ba na jin daɗin yadda maza ke zama suna yabon bosawan da. Me suke yi a finafinan in ba kulle ƙofa da bin 'yar mutane a ɗaki ba? Shi ma ya yi irin wannan ba adadi. Gwaninta ce, na yarda, amma ba abin da zan zaunar da 'ya'yana su kalla ba ne. Sher Khan kuwa ko gobe. Mutum mai gidajen caca, ya yi dambe da ɗan sanda a titi, ba wanda ya kayar da wani, ya ce daga yau na rufe caca, ya koma gyaran mota. Kuma ya riƙe amanar abota har ƙarshe.

Auta:
To wai Musulmi ne? Na je na duba wurin waƙar abotar Sher Khan a Zanjeer yanzu, yana rawa da hankici, wallahi kamar ɗan Peshawar.

Malamin Tarihi:
A'a Auta, Hindu ne, ɗan ƙabilar Punjabi. Amma ya zauna a Lahor, kuma mutanen zamaninsa da Urdu suka yi karatu, shi ya sa harshensa ke fita tas. Abin ya juye ne ma: Dilip Kumar da Inna ke tausaya wa, shi ne haifaffen Peshawar, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan.

Tunda an zo nan bari in fitar da wani ƙorafi nawa na malamin tarihi. A 1956 ya fito a Halaku, shi ne ma mai sunan fim ɗin. Wato Hulagu, jikan Janghis Khan, wanda ya rusa Bagadaza a 1258 ya kashe halifan Abbasiyawa al-Musta'asim. Mutumin da ya yi wannan ɓarna, Indiyawa suka mayar da shi mai neman auren Meena Kumari ana waƙe-waƙe. Na taɓa samun ɗalibi a jarrabawa ya rubuta mini cewa soyayya ce ta kawo Mongol ƙasar Farisa. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce kakansa ne ya ba shi labari. Na san silimar da kakan ya je.

Dattijon Fagge:
Malam kar ka tona mana asiri, wataƙila layi ɗaya muka bi da kakan nan.

Nas Mai Aikin Dare:
Ina kan duti ina karanta ku ina dariya ni kaɗai. Tunda Kawu Tela ya ambaci Amar Akbar Anthony, ni har yau ban yafe wa fim ɗin nan ba. 'Ya'ya uku a kwance, an ja jini daga hannunsu lokaci guda, ya hau sama ya taru a kwalba ɗaya ya gangaro jikin uwa. Ba gwaji ba komai. Da a wurinmu ne da an kori kowa har mai shara.

Amma wurin da Pran ya je gidan maigidansa neman haƙƙinsa, bayan ya yi zaman kurkuku a madadinsa, maigidan ya zuba giya a takalmi ya ce ya goge, sannan ya jefa masa kwabo, wannan wurin ba na iya kallonsa sau biyu. Babana direban wani mai kuɗi ne shekara ashirin da biyu. Ranar da aka sallame shi ko kuɗin mota ba a ba shi ba. Yadda Pran ya durƙusa ɗin nan, kafaɗunsa suka sauka, haka Baba ya shigo gida ranar.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya saka masa, 'yar'uwa.

Ɗan Gabbar:
Amin. To wannan kam ba gashin kanti ba ne, na sauko taki ɗaya. Taki ɗaya fa na ce.

Tela Mai Almakashi:
Sauko na biyu, ga dalili. Kyautar 1972 da Ɗan Maraɗi ya ambata, ta fim ɗin Be-Imaan ce, kuma ƙin karɓa ya yi. Dalilinsa, a shekarar an ba wa Shankar-Jaikishan kyautar kiɗa, aka hana Ghulam Mohammed wanda ya yi kiɗan Pakeezah. Ku lura da kyau, kiɗan da aka ba kyautar na Be-Imaan ne, fim ɗin da shi Pran ɗin yake ciki. Ghulam Mohammed kuwa ya rasu tun 1968, ba ya nan balle ya gode masa. Ya bar tasa kyautar saboda mamaci, a kan fim ɗinsa na kansa. A cikin masu fitowa mutanen kirki nawa ne za su iya?

Malamin Tarihi:
A ƙara da ta Bobby. Raj Kapoor ya karye bayan Mera Naam Joker ya faɗi a 1970, bashi ya yi masa katutu. Da zai yi Bobby ba shi da kuɗin biyan Pran, wanda a shekarun nan yana cikin mafi tsada a Bombay, har ya kan fi jarumin fim ɗin kuɗi. Rupi ɗaya ya karɓa ya sa hannu.

Maman Walid:
To wannan shi ne abin da ke ba ni mamaki da mutane, har da mu nan. Ana cewa a can Indiya an yi shekaru iyaye ba sa saka wa ɗa suna Pran, alhali ma'anar sunan rai ne. Mu ma haka muke. Na taɓa ganin wani da ke fitowa mugu a finafinanmu na Hausa ya shigo kasuwa sayen atamfa da matarsa, wata tsohuwa ta tare shi tana zazzaga masa masifa a kan wata yarinya da ya yi wa saki a fim. Bawan Allah yana ta "Yi haƙuri Baba, wasa ne," matar tasa kamar ƙasa ta tsage. Innarmu ce sak.

Dattijon Fagge:
Hajiya ai wannan tsinuwar ita ce kyautarsu ta gaskiya, ta fi ta gwangwani da ake ba su a kan dandali. Kuma masu fim ɗin sun san darajarsa ko da 'yan kallo na zagi. Ku da kuka zo a zamanin waya kuna tsallake rubutun farko, mu kuwa da shi muke koyon karatun boko. Za a jero sunan jarumi da jaruma da sauran jama'a, sai allo ya yi fili, a rubuto da Turanci "and Pran", wato "sai kuma Pran", shi kaɗai. Wallahi a Plaza in sunan nan ya fito, 'yan kujerun gaba fito suke yi da tafi fiye da na jarumi. Daga nan ka san kuɗin tikitinka bai tafi a banza ba. Har littafin tarihin rayuwarsa da aka rubuta, sunan da aka ba shi ke nan.

Auta:
Baba to fim ɗin Don fa? Ni na Shah Rukh Khan na sani.

Dattijon Fagge:
Nemi na 1978. Zai fito yana ɗingishi da sanda, tsohon mai tafiya a kan igiya a gidan wasa. Akwai inda zai ɗauki yara biyu ya tsallaka da su a kan igiya daga wannan bene zuwa wancan. Ƙarya ce tsagwaronta, gurgu a kan igiya da yara biyu, amma ranar da na kalla ban yi numfashi ba sai da ya kai. Lokacin yana da shekara hamsin da takwas.

Ɗan Gabbar:
Ka ga ni kuma wannan wurin dariya yake ba ni. Gashin da ya sa a Don ko a gidan biki ba za a yarda da shi ba.

Tela Mai Almakashi:
Wannan kam gaskiyarka, gashin nan bai zauna ba. Baƙaƙen kayan dai sun yi.

Nas Mai Aikin Dare:
Yana raye kuwa?

Malamin Tarihi:
Ya rasu ranar 12 ga Yuli 2013 a Mumbai, yana da shekara 93. Tun bayan ciwon zuciya da ya same shi a 1998 ya ja baya da aiki, daga baya ya koma keken guragu. Gwamnati ta ba shi lambar Padma Bhushan a 2001. Babbar kyautar fim ta ƙasar kuwa, Dadasaheb Phalke, sai a 2013 aka ba shi, lokacin ko Delhi ba ya iya zuwa. Minista ne ya kai masa har gida a watan Mayu, bayan wata biyu ya cika. Jaruman da ya sha dukansu a fim, su Dilip Kumar da Raj Kapoor da Dev Anand, duk sun karɓi tasu shekaru da yawa kafin shi.

Dattijon Fagge:
Ka ji ko? Har gwamnatin tasu irin jikana ce. Sai da ya kai gargara aka tuna da ɗan rakiya.

Ɗan Maraɗi:
Baba ni dai ga tambayata. Mugun ka fi so ko tubabben?

Dattijon Fagge:
Mugun, ɗana, ba na ɓoyewa. Tubabben ya sa ni kuka, amma mugun ne ya sa na sayar da tantabaruna biyu na sayi tikiti, na kuma sha bulala a gida a kan haka. Hajiya ta yi mini afuwa.

Maman Walid:
Ban yi ba, Baba. Da Inna na raye da kai ma ka sha takalmi.

Ɗan Gabbar:
Ni dai ina nan a kan dutsena. Amma zan nemo na Raka ɗin nan in ga yatsan da idona.

Auta:
Baba in na gama Zanjeer da wanne zan bi? Kuma don Allah a ce wa jikan naka ya shigo zauren nan, kar a bar ni ni kaɗai ana yi mini dariya.

Dattijon Fagge:
Bi da Ram Aur Shyam, sannan Upkar, a jere, kar ka sa komai a tsakani. Jikan nawa kuwa yanzu ya leƙo yana tambaya wai ko mai jan gemun yana da wani fim ɗin. Na ce ya kawo wayar, amma datar tasa ce.